Insulin ɗin Inna da zafin Maradi, ya zan yi?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min. Inna ce likita ya ɗora ma insulin wata biyu ke nan tunda ƙwayoyin sun daina riƙe sukarin, ni ke yi mata pikir safe da dare. Matsalar kuran ce, firigonmu sai ya yini ba wuta ga zafin nan ya haura 40, in ɗauko kwalbar in ji ta da ɗumi in rasa ko ta lalace. Sannan wurin da nike tsira mata a ciki ya yi wani ƙullutu mai tauri, ita kuma nan ta fi so wai ba ya zafi.

Hajiya ta Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Inna lafiya. Ni shekara shida ina fama da na maigida. Tulu nike sa ma ruwa in ajiye a inuwa, kwalbar in ƙulle ta a leda in saka a gwangwani mai murfi sannan cikin tulun, kar ruwa ya taɓa ta. In kuran ya dawo kar ka kuskura ka tura ta wurin ƙanƙara don ta yi saurin sanyi, mu mun taɓa yi ta daskare, jika nawa muka zubar a bola ranar.

Baban Yara:
Ku ba ta zogale ku huta da allurar nan.

Infirmiye:
Baban Yara zogale a ci a kwaɗo ba laifi amma ba ya maye insulin, kar a tsaida mata. Ƙanena, kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, wadda aka fara kuwa yawanci kwana 28 take yi in zafin wurin ajiyar bai wuce digiri 30 ba, ka rubuta ranar buɗewa a jikinta da bik. Mai kamar madara a murza ta a tafin hannu ba a girgiza ba, in ka ga gudaji ko wadda take garau ta yi duhu, jefar.

Ƙullutun nan shi ya fi damuna. Ka bar wurin kwata-kwata, maganin ba ya shiga jini daidai ta nan shi ya sa sukari zai riƙa hawa da sauka. Ka riƙa zagayawa, ciki, cinya, kana matsawa kamar faɗin yatsa, da sabuwar allura. Amma ka fara gaya ma likitanta don a sabon wuri maganin zai fi kamawa, ƙila ya rage mata. In ta fara zufa da makyarkyata ko awon sukari ya sauka ƙasa da gram 0,70 a lita, sukari ƙwaya 3 a ruwa, bayan minti 15 a sake awo. In ta suma kar a ɗura mata komi, asibiti kai tsaye. Ka duba sirinjin ma, in kwalba ta ce U-100, wato lambar ƙarfin maganin, shi ma U-100 zai zama.

Ɗan Bagalam:
Na gode Hajiya, na gode yaya. Wallahi yanzu na gane, shekaranjiya ta yi zufa sharkaf kafin azahar na ɗauka zafi ne, ashe ba ta karya ba bayan pikir. Gobe da sassafe za mu wurin likita, tulu kuma akwai na Inna a bayan ɗaki yanzu zan wanke shi.