Wane "capture" kuka fara ji, kuma me kuka ɗauka ana nufi?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ba 'yan aji uku jimlar "the soldiers captured the town" su fassara, sai wani yaro ya rubuta wai sojoji sun ɗauki hoton garin. Ban ga laifinsa ba. Tun da ya yi wayo, capture ɗin da yake ji a unguwa shi ne a zauna gaban kwamfuta a ɗauki hoto da zanen yatsu. Mu kuwa kamawa ko cin gari da yaƙi aka koya mana, kuma asalin kalmar ke nan, daga Latin ta fito da ma'anar kamawa. Don Allah kowa ya faɗa mini inda ya haɗu da ita, ina so in shirya darasi a kai.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Malama. Ni lokacin BVN ne, bayan Babban Banki ya fito da ita a 2014. Na ce wa Hajiyarmu gobe za mu je a yi mata kafcarin. Ƙanena da ke sakandare ya ce ai ma'anarsa kamawa. Wallahi daren nan ba ta runtsa ba, tana tambaya wane laifi ta yi wa hukuma. Sai da kawunmu ya zo ya ce mata, "Yaya, hoto ne kawai da dangwala yatsa," sannan ta yarda. Tun daga ranar nake cewa ɗaukar hoto da yatsu idan da dattijo nake magana.

Uwar Biyu: Ni ma yatsun ne suka ba ni wahala, lokacin da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020. Na je da lalle a hannu, sabon biki muka gama. Yarinyar da ke kan na'urar ta gwada ta gwada, ta ce, "Anti, bai yi kafca ba." Na koma bayan lallen ya koɗe. A layin akwai wani tsoho manomi, fartanya ta cinye masa zanen yatsu, sai da ya jiƙa hannu ya goge sau da yawa kafin na'urar ta karɓa. Har yau ina tuna yadda ya riƙa kallon tafinsa. A wurin nan, capture na nufin na'ura ta gane ka ta adana, in ba ta gane ka ba kamar ba ka zo ba.

Tsohon Ɗan Bautar Ƙasa: Na yi aikin rajistar masu zaɓe a 2011. Na'urar da muka riƙe sunanta Direct Data Capture, wato tana kwashe bayanan mutum kai tsaye: suna, shekaru, hoto, yatsu goma. Ina ganin daga nan kalmar ta shiga bakin mutanen karkara.

Mai Sauraron Rediyo: Malama, a ƙara da state capture. Na fara jin sa a labaran Afirka ta Kudu, zamanin Shugaba Jacob Zuma, kan zargin cewa attajiran 'yan kasuwa iyalan Gupta suna juya naɗin ministoci da kwangilolin kamfanonin gwamnati. Zuma ya sauka a 2018, kwamitin Alƙali Zondo ya yi shekaru yana bincike. A nan ma'anar ta koma asali: 'yan tsiraru su kame gwamnati ta zama tasu.

Mai Gyaran Waya: A shagona screen capture ne, ɗaukar hoton abin da ke fuskar waya.

Malamar Turanci: Na gode ƙwarai. Uwar Biyu, da labarin manomin nan zan buɗe darasin ranar Litinin, in kin yarda.