Katin gidan sauro bai zo layinmu ba

Maman 'Yan Biyu: Wallahi raina a ɓace yake. Sau uku kenan a daminar nan Hassana na kwanciya da zazzaɓi, daren jiya jikinta kamar garwashi, kwana na yi ina jiƙa tsumma ina goga mata. Masu rabon katin gidan sauro sun shiga layin bayanmu suka tsallake namu. Abin da aka ce kyauta ne shi ma sai da sanayya? A haka za a kawar da maleriya?

Baban Walid: Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Amma don Allah a daina cewa kyauta, haƙƙinmu ne.

Malamin Asibiti: A'a Alhaji, akasarin gidajen sauron nan tallafin Global Fund ne, wato asusun duniya na yaƙi da cututtuka irin su maleriya, da na Amurka. Abin da ba ka biya ko sisi ba ai kyauta sunansa.

Baban Walid: To jihohin da suka ciyo bashin Bankin Duniya don wannan aikin fa? Wa zai biya in ba jikokinmu ba? Ku ma'aikatan lafiya kullum kuna bayan gwamnati.

Malamin Asibiti: Alhaji janye wannan maganar, mu ne ke kwana kan yaran da ke jijjiga ba kai ba.

Ɗan Birni: Kyauta ne mana, shi ya sa ba a ganin darajarsa, ni da idona na ga an kewaye renon tumatir da shi.

Sarkin Noma: Kai yaro, tsohon da ya yayyage ake sawa a lambu, sai bayan shekara 3 ake rabo, so kake mu ƙona shi?

Tsohon Hedimasta: Ku tsaya. A Garki ta Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta gwada feshin ɗakuna da rabon magani, maleriya ta ragu amma ba a yanke ta ba, da aka tsaya ta dawo. Masar kuwa a 2024 aka tabbatar ta rabu da ita.

Ɗan Birni: Baba maganar kyauta muke.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai ina zan samu katin?

Admin: To jama'a an fahimta, yawancinmu mun yarda da Alhaji cewa ba kyauta ba ne haƙƙi ne, Malam kuma bai kawo hujja ba. Na rufe zancen.