Ba abin da ya faru tsakaninmu, amma na kasa yin addu'a

Mushe Baƙo:
Salama a gare ku ƴan'uwa, cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da tsawon maganata. Na ɓoye sunana ne don mu a Damagaram ba mu da yawa, ina faɗa za a gane ni.

Ni malamin makaranta ne, ɗan kwantaragi. Asalina mutumin wajen Tsibiri ne, kusa da Maraɗi. Kakana yana cikin na farkon da suka karɓi bishara a ƙauyenmu, babana kuma dattijon ikilisiya ne har ya rasu, don haka cikin Maganar Allah na tashi. Da aka turo ni Zinder da iyalina na zo, muka kama ɗaki biyu can bayan Kasuwar Dole. Sai bazara ta shigo. Kun san halin ruwa a garin nan, famfo ya yi shiru sai ka sayi jarka hannun ƴan ga-ruwa, ga yara uku, ga wanki, albashin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka surukata ta kwanta ciwo, aka kai ta asibitin Galmi, aka dawo da ita gida ba ta iya tashi da kanta. Matata ita ce babba a ɗakinsu, ta ce za ta koma ta riƙe ta. Ban hana ba, wane ne zai hana mutum jinyar uwarsa? Ta tafi da yaran, aka sa su makaranta can. Tun lokacin ni kaɗai nake, sai hutu nake zuwa.

To, akwai wata ƴar'uwa cikin mawaƙan majami'armu. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, ita ce ta aiko ƙanenta da kunu da dambun zogale. Na yi mata godiya ta WhatsApp. Daga nan ta riƙa turo mini aya kowace safiya, ni ma ina turawa. Yanzu hira ta koma ta dare. Ina shimfiɗa tabarma tsakar gida saboda zafi, in ɗora salula bisa ƙirjina ina jiran ta yi motsi, wani lokaci har ƙarfe ɗaya. Allah ne shaidata ko hannunta ban taɓa riƙewa ba, ba mu taɓa maganar banza ba. Amma in na rufe ido zan yi addu'a, ita nake gani. Ranar Laraba aka ce in buɗe taro da addu'a, na tashi tsaye, bakina ya yi nauyi. Na yi azumi, abin bai tafi ba.

Shin zunubi nake ciki ko jaraba ce kawai? Kuma yaya zan tsarkake zuciyata ba tare da na ɓata mata rai ba, tunda ita ba ta yi laifin komai ba?

Maman Tagwaye:
Sannu Mushe. Ka ba mu labarin famfo da na kakanka, amma ba ka ce ko matar nan tana da aure ba. Uwargida kuma ta san da hirar?

Dattijon Zango:
Ɗana, saurara mini da kyau, don ba zan shafa maka mai a baki ba. Ka buɗe Farawa sura 39. Matar Fotifar, ubangidan Yusufu a Masar, kullum tana damun Yusufu ya kwana da ita, Littafi ya ce bai yarda ko ya zauna tare da ita ba. Ranar da ta kama rigarsa bai tsaya wa'azi ba, bai ce bari in lallaɓa kada ranta ya ɓaci ba. Ya bar mata rigar ya fita da gudu. Kurkuku ya sha a kan haka, amma Ubangiji yana tare da shi. Ka juya 2 Sama'ila sura 11. Lokacin da sarakuna ke fita yaƙi Dawuda ya zauna Urushalima, da maraice yana yawo bisa soro ya hangi Batsheba, matar sojansa Uriya. Kallo ne, sai tambaya wace ce, sai aike. Ƙarshenta jinin Uriya. Babu wanda ya kwana da niyyar kashe sojansa, mataki mataki aka je.

Yakubu 1:14-15 ya faɗi yadda abin yake tafiya: sha'awar mutum ce ke jan sa, in ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi in ya girma ya haifi mutuwa. Kai kana cewa ba ka riƙe hannunta ba. Yesu a Matiyu 5:28 bai yi maganar hannu ba, maganar ido da zuciya ya yi. Mutumin da ke kwana da salula bisa ƙirji yana jiran matar da ba tasa ba, ya wuce wurin tambaya. Daren nan ka toshe lambarta. Ba gobe ba.

Ɗan Jami'a:
Baba, da girmamawa, ina ganin kun yi saurin yanke hukunci. Jaraba daban, zunubi daban. Ibraniyawa 4:15 ta ce an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Da zuwan tunani kaɗai zunubi ne, da ayar nan ba ta da ma'ana. Wanda zuciyarsa ta mutu ba zai zo nan yana kuka ba. Kuma 1 Korintiyawa 10:13 ta ce Allah ba zai bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu ba, zai buɗe hanyar fita. Mushe, ni shawarata ka sa iyaka. In ƙarfe tara ta yi ka kashe salula ka bar ta cikin ɗaki. In ka toshe ta haka kawai, ran Lahadi za ku haɗu, mutane su ga kuna kauce wa juna, maganar da babu ita ta tashi.

Dattijon Zango:
Yaro, hanyar fitar da ka ambata, ana bin ta ne da ƙafa, ba a zama bakinta ana duba agogo. Bulus bai ce wa Timoti ya sa wa sha'awar ƙuruciya ƙarfe tara ba, cewa ya yi ya guje mata, duba 2 Timoti 2:22. Yesu da aka jarabce shi a jeji bai ja hira da Shaiɗan har ƙarfe ɗaya ba, aya ya ba shi ya kore shi. Ka yi aure tukuna, sannan mu yi wannan magana.

Mushe Baƙo:
Na gode Baba, amma ba ku san ta ba ne. Ba matar Fotifar ba ce. Mijinta ya rasu, ya bar ta da yara biyu, dangin mijin ba masu bi ba ne, sun juya mata baya. Ɗinki take yi tana ci da su. Yawancin hirarmu a kan yaranta ne da Maganar Allah. Ita ce ma ta sa na koma karanta Zabura kullum. Yakubun da kuka kawo, shi ne ya ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. In na toshe ta, wa take da shi?

Dattijon Zango:
Ka ƙarasa ayar mana. Yakubu 1:27 ta rufe da cewa mutum ya tsare kansa marar aibi daga duniya. Rabi ka ɗauka ka bar rabi. Gwauruwa tana da zumuntar mata, tana da matar fasto. Ba a ba ka wannan aikin da tsakar dare ba.

Maman Tagwaye:
Ni wannan magana ta taɓa mini inda ke mini ciwo. Mijina ya tafi Jado lokacin da zinariya ta fito a 2014, ya dawo, ya sake tafiya Agadas, yanzu can yake aikin gini. Ni ce nan da yara. In na kira shi da dare sai in ji layi a kame, in na tambaya ya ce abokin aiki ne. Ban kama shi da komai ba, amma mace tana ji a jikinta in hankalin mijinta ya rabu biyu. Ba a taɓa tambayata a majami'a yaya nake kwana ba. Kullum wa'azi a kan mu ne, ku rufe jiki, ku yi biyayya, ku yi haƙuri. Na yi haƙuri har ya zame mini ciwon kai. Mushe, matarka tana can tana kwashe kashin uwarta, tana tashi da asuba ta shirya yaranka, kai kana nan ana turo maka Zabura. Yaushe rabon da ka yi hirar awa ɗaya da ita?

Mushe Baƙo:
Mama, Allah ya dawo miki da maigida lafiya. Amma halina ba irin nasa ba ne. Ina kiran matata, sai dai in ta ɗauka a gajiye take, maganar kuɗin magani ce da ta hatsi, ta ce sai da safe. Ba laifinta ba ne, ba kuma nawa ba. Kowane wata ina aika mata abin da ya samu, ban taɓa fashi ba.

Ƴar Katolika:
Ɗan'uwa, mu a wurinmu abin da sauƙi ta wannan gefen. Kana zuwa wurin firist ka furta, kuma ba shi da ikon faɗa wa kowa ko da za a kashe shi. Abu in yana ɓoye ƙarfi yake yi, ranar da ka faɗe shi da baki gaban wani sai ka ga ya rage. Na san ku ba ku da wannan, amma ka sami fastonku kai da shi. Ka riƙa Zabura 51 a bakinka, ita ce addu'ar Dawuda bayan da annabi Natan ya same shi a kan maganar Batsheba, inda yake roƙon Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta. Bai ce zai wanke ta da kansa ba. Azumin da ka yi, wataƙila da ƙarfinka ka dogara.

Mai Kabu-kabu:
Kai Mushe kada ka kuskura ka kai wa kowa a majami'a. Ni na taɓa kai wa wani dattijo damuwata, ba ma ta mace ba, ta bashi ce. Kafin Lahadi biyu matarsa ta ji, zumunta ta ji, aka sa ni cikin addu'ar taro ba a kira sunana ba amma kowa na waigowa. Aka cire ni daga riƙon kuɗin baikon majami'a. Har yau ina zuwa sujada, amma daga bencin baya, ana cewa Amin na hau moto. Mu nan kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa. In ka faɗa, kai namiji ne za a manta, ita ce ba za ta sake ɗaga kai ba, ɗinkin ma a daina kai mata.

Dattijon Zango:
Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, wanda ya yi zai amsa gaban Allah. Amma don wani ya tona asiri ba za mu goge Yakubu 5:16 ba, ku furta wa juna zunubanku, ku yi wa juna addu'a don ku warke. Mushe ya zaɓi mutum ɗaya mai riƙon baki. In babu a Zinder, ya kira faston da ya ɗaura masa aure can Maraɗi.

Bari in gaya muku abin da ya sa nake zafi. Tun 1924 ƴan mishan suka sauka garin nan, har yau ba mu cika cikin cokali ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ina nan aka ƙone majami'u. Maƙwabcina musulmi ne, shi ya shigar da iyalina gidansa ya tsaya bakin ƙofa. Da na yi masa godiya, ya ce shekara da shekaru bai taɓa jin wani abin kunya ya fito daga gidana ba. Gini an sake yi. Amma in aka ce malamin makaranta Kirista, mai buɗe taro da addu'a, an gan shi da gwauruwa, ba sunanka za a kira ba, na Almasihu za a kira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa bangonka ya tsage tun ranar da ka yarda iyalinka suka zauna kilomita sama da 200 daga inda kake kwana. Ka ɗauko matarka.

Ɗan Jami'a:
Baba, tsoron abin da mutane za su ce ba shi ne tsarki ba. Farisiyawa ma sun iya wannan. Markus 7:21 ta ce daga cikin zuciya mugayen tunani ke fitowa. Ko ya toshe lamba, ko matarsa ta dawo, in kaɗaicin da ke cinsa bai sami magani ba, gobe wata ce. Mushe, da yamma ka riƙa fitowa fada wurin matasan majami'a, a sha shayi, a yi karatu tare. Zaman ɗaki kai kaɗai shi ke kashe ka.

Mushe Baƙo:
Ɗauko ta ba zai yiwu yanzu ba. Wa zai riƙe tsohuwa? Yara suna tsakiyar shekarar karatu, ɗaki ɗaya ma na mayar wa mai gida don in rage haya. Fada kuma, ni malami ne, wasu cikin yaran nan ɗalibaina ne. Maganar fasto zan duba, amma abin da Mai Kabu-kabu ya faɗa gaskiya ne, ba zan jawo mata abin da za ta kasa fita kasuwa ba. Ni dai abin da na tambaya, yadda zan daina ganinta in ina addu'a. Ban ce ina son rabuwa da matata ba, ban ce zan yi wani abu ba. Kuna magana kamar an riga an kama ni.

Yanzu haka ma ta turo cewa ƙaramin nata jikinsa ya yi zafi, in sa shi a addu'a. Wannan ma in yi shiru?

Dattijon Zango:
Ka yi wa yaron addu'a, Allah yana ji ba sai ta WhatsApp ba. Ka tura wa shugabar zumuntar mata su je su duba shi da safe. Kada ka amsa.

Ƴar Katolika:
Haba Baba, yaro ba lafiya da daren nan. In babu mai kai su likita fa?

Mushe Baƙo:
Na riga na amsa. Allah ya sawwaƙe kawai na ce, na tambaya ko ta ba shi magani. Hutu ya kusa, in na je gida zan yi tunani a kan duk abin da kuka faɗa.

Maman Tagwaye:
To in ka je gidan, za ka iya miƙa wa uwargida salular nan a buɗe ta karanta? Kuma da wane suna ka ajiye lambar matar?