"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza", wa ya saka ta a muhallinta?

Ɗan Tsakiya: Salamu alaikum jama'a. Jiya Yayanmu da autarmu suka kusa raba hali a kan fim ɗin Romeo da Juliet na 1996, wanda Leonardo DiCaprio ya fito. Yaya malamin adabi ne, yace an wulaƙanta Shakespeare, marubucin wasan, ya za a ƙwace takobi a ba samari bindiga da mota amma a bar musu tsohon Turancin a baki. Auta tace ai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Yace ba nan ake sakata ba. To ina ake sakata don Allah?

Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Ina bayan Yayanku. Kiɗan ai shi ne rubutun wasan, kuma yana nan yadda marubucin ya barshi. Mai rawa ne ya canza taku don ganin damarsa.

Uwar Biyu: A'a Malam, wlh kiɗan ya canza. A dandamali wanda ke kujerar baya baya ganin idon ɗan wasa, dole komai sai an furta shi da baki, shi ya sa mutum ɗaya zai tsaya yayi ta zuba jawabi shi kaɗai, kamara kuwa sai ta matso har ka ga ƙwalla tun kafin ta gangaro, to in fuska ta riga ta faɗa me za a yi da dogon jawabin kuma?

Mai Nazari: Hajiya jawabin ne fa mai sharhi ya zo ji. Ya karanta wasan, ya ga 'yan wasa daban daban sun yi shi, in ya zauna lissafin abin da aka cire yake. Ɗan kallo kuwa yau ya fara haɗuwa da labarin, in ya taɓa masa zuciya shikenan. Kenneth Branagh ya yi fim ɗin Hamlet, wani wasan Shakespeare, a 1996 bai yanke komai ba, kusan awa huɗu, masu sharhi suka yaba amma a sinima bai maido kuɗinsa ba.

Uwar Biyu: Shi kuma Laurence Olivier da ya cire Rosencrantz da Guildenstern, wasu mutum biyu na cikin labarin, gaba ɗaya a nasa Hamlet ɗin na 1948 ai Oscar aka bashi. Su kansu masu sharhin bakinsu ba ɗaya bane.

Baban Zee: Ku bar wannan karin maganar ma 'yan siyasa, su suka iya ta. Kafin makaɗi ya ɗaga gula har sun canza sheƙa 😂

Jikar Inna: Ni wannan fim ɗin dai kakata yake tuna min, Allah ya jiƙanta. Inna ko zo in kashe ka bata ji da Turanci, amma ta zauna damu ta kalle shi daga farko har ƙarshe, tana ta faɗa da iyayen yaran wai manyan banza. Da aka zo wurin da yaron ya ɗaga gubar zai sha, yarinyar kuma ta fara motsa yatsu tana buɗe ido a gefensa, Inna ta miƙe tsaye carbinta ya faɗi, tana ihu "kai ɗan nan juyo ka dubeta, da ranta!" Ranar bata ƙara yi wa kowa magana ba. Daga baya na karanta wasan na ga ashe a rubuce ya riga ya mutu kafin ta farka, darakta ne ya haɗa idanunsu. Na gaya mata, tace to wanda ya ƙara ɗin ya fi sanin ciwo. Kuma ita in ta faɗi karin maganar nan haƙuri take nufi, da ita ta lallashi mamanmu lokacin da kasuwar babanmu ta karye, wai ki rage taku daidai da halin da ake ciki.

Ɗan Tsakiya: Allah ya gafarta mata. Kenan ma'anar ta zama uku.

Mai Nazari: Amin. Amma ƙanwata ki lura, a rubutun abin tausayin shi ne ya mutu bai taɓa sanin tana raye ba. Wani ciwon aka cire aka sa wani.

Baban Zee: Inna ta fi wakilinmu, ita ko akwatin talabijin tayi wa magana. Shi shekara huɗu ko tari bai yi a majalisa ba.

Gimbiya: Ni a wa'azi na fara jinta kuma malamin tsawatarwa yake, wai da ita mutane ke fakewa suna bin duk abin da zamani ya kawo. Ina kuka baro tsohuwar zuma da ake magani da ita?

Uwar Biyu: To Omkara fa, na Indiya na 2006? Othello ne na Shakespeare sak aka mayar ƙauyen Indiya, harshe ma an canza, kuma masu sharhi sun yaba. Nan kiɗan ne ya canza ko rawar?

Baban Zee: Tsaya Hajiya, wanda Ajay Devgn ya fito? Wlh ban san daga wasan dandamali aka ɗauko shi ba, bari in nemo in sake kalla.