Fuloti mai kallon yamma a Kano: yaya za a tsara ɗakuna don rage zafi da kuɗin wuta?

Abu Sadiq:
Assalamu alaikum. Fuloti ne ƙafa 50 a 100, titi yana yamma. Mai zane ya sa falo da ɗakin maigida a gaba, da manyan tagogin gilashi masu kallon titi. Shin wannan zai shafi zafin gidan da makin da zai samu a awon tsimin lantarki?

Injiniya_Fagge:
Wa alaikumussalam Malam. Zai shafa ƙwarai. Amma fulotinka mai kyau ne, tunda tsawonsa ya miƙe gabas da yamma, dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa. Abin da ake nema ke nan.

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga Maris zuwa Satumba ranar tsaka kusan a bisa kai take. Wajen 21 ga Maris tsayinta a sama yana kai digiri 78, rumfar santimita 60 a kan tagar kudu ko arewa ta isa ta rufe taga mai tsayin mita 1.2. Yamma kuwa labari ne daban. Da la'asar rana ta sauko wajen digiri 30, tana shigowa ta gefe, sai rumfa ta haura mita 2 kafin ta tare ta. Kuma lokacin ne iska ta fi zafi. Bulo ya sha ranar nan, sai ya riƙa sakin zafin cikin ɗaki har tsakar dare, mai ɗakin yana ta zargin fanka.

A kwashe ɗakin kwana daga gaba. Bangon yamma na gareji ne, sito, banɗaki da matakala. In dole falo ya tsaya a nan, a yi masa baranda mai zurfi, tagoginsa su koma kudu da arewa.

Maman Haidar:
Kan batun maki: dokar tsimin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ta ce faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango, in ya wuce sai an yi musu inuwa. Tsarin EDGE, wato shaidar tsimin makamashi a gini ta IFC, reshen Bankin Duniya, shi kuma yana neman a rage amfani da wuta da kashi 20 kan gidan da aka saba gani. Gilashin yamma mara inuwa yana cinye wannan ragin, domin shi ke sa a sayi na'urar sanyaya ɗaki mafi girma.

Kada a manta rufi. A gida mara bene, ta kwano zafi ya fi shiga. A zaɓi kwano mai haske, a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin rufin da raga saboda jemagu.

Magini Ɗan Gwale:
Ƙari kaɗan Injiniya. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, in ba haka ba iska ba ta ratsawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne matse gini da katanga, taga tana nan amma ba ta shaƙar komai. A bar aƙalla mita 1.5 kowane gefe. Tagar gabas a ƙanƙanta ta, ruwan damina daga nan yake bugowa. Darbejiya a yamma tana taimakawa, amma a nisanta ta da tushen gini da ramin masai saboda saiwa.