Ɗana ya tambaye ni: in Allah ne uban marayu, ina yake?

Mai koko, Aboabo:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Yau wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Kumasi da Bolga a nan ƙasar Gana. Ya bar ni da yara uku, babban yana da shekara 10. Koko da ƙosai nake sayarwa da asuba, da shi muke rufa wa kanmu asiri.

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan Zabura 68, inda aka ce Allah uban marayu ne, mai kāre gwauraye. Da muka dawo gida, yaron ya ciro hular babansa daga ƙusar bayan ƙofa ya ɗora a kai, har ta rufe masa kunnuwa. Sai ya ce, "Mama, in Allah ne babanmu yanzu, me ya sa bai hana Baffa zuwa da kwaɗo ba?" Ƙanin mijina yake nufi, wanda ya zo ya ce gidan nan mai ɗaki biyu na danginsu ne, mu tashi kafin Kirsimeti. Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Don Allah, me zan gaya wa yaron nan?

Dattijon ikilisiya, Asawase:
'Yata, sannu da haƙuri. Kada ki tsawata masa, tambayarsa tana kan hanya. Ki karanta masa Luka 7. A ƙofar garin Nayin Yesu ya gamu da gwauruwa za a binne ɗanta tilo. Ba ta roƙe shi komai ba, shi ya gan ta, tausayi ya kama shi, ya ta da yaron ya miƙa mata. Ita ya fara gani kafin ita ta gan shi.

Amma laifin namu ne, kuma zan faɗa. A dokar Musa, damin da manomi ya manta a gona ba ya komawa ɗauka, rabon baƙo da maraya da gwauruwa ne. Haƙƙinsu ne, ba alfarma ba. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, mutum bakwai aka zaɓa domin aikin. Mu kuwa ranar jana'iza mun cika rumfa, ana kwashe kujeru kowa ya kama gabansa. Ni kaina na yi haka, kuma yana cin raina. Ki gaya wa dattawan majami'arku maganar kwaɗon nan, kada kunya ta hana ki.

Malamar makaranta, Nima:
Yaya, kada ki fita ko'ina. Akwai dokar gado ta 1985 da ake kira PNDC 111. In mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma gida ɗaya ya mallaka, gidan da kayan ɗaki na matarsa da 'ya'yansa ne. Korar ku kafin a raba gado laifi ne a doka. Ki adana takardun fili da na haihuwar yara, ki je ofishin CHRAJ, wato hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, ko na Legal Aid, masu taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, a nan Kumasi ɗinku. Kada ki sa hannu a kowace takarda da Baffan ya kawo.

Tela, Sawaba:
Ina shekara 8 babana ya rasu. Wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya koya mini ɗinki, bai karɓi ko sisi ba. Uwata takan ce Allah ne ya aiko shi. In yaron ya yi hutu, ki turo shi shagona.

Mai koko, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka. Baba, na karanta masa labarin Nayin jiya da dare, ya yi shiru, ya yi barci da hular a kansa. Takardun filin suna cikin tsohuwar jakar mijina, na same su a naɗe cikin leda. Ranar Litinin, in na gama sayar da koko, ni da matar fasto za mu je ofishin.