Filin sukuwar Meydan na Dubai, wa ya taɓa shiga? Ina neman bayani kafin tafiya

Ɗan_Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu ƙarshen Fabrairu zan shiga Dubai saro kaya, kuma wannan karon har da uwargida da yara biyu. Zuwana huɗu garin amma wallahi ban san ko'ina ba sai unguwar Deira, daga masauki sai kasuwa sai wajen masu kago, ina gamawa in kama hanyar filin jirgi. To ni kuma tun ina yaro mayen doki ne, gidan kakanmu akwai turke, ni ke jiƙa dusa da kanwa kafin in tafi makaranta, ranar da ake sukuwa kuwa ko duka za a yi min sai na je. Jiya yaron shagona ya nuna min bidiyon wani fili wai shi Meydan, dawakai na gudu da daddare fitilu tamkar rana, na kasa barci.

Abin da nake son ji daga wanda ya taɓa zuwa, shin talaka na shiga ko sai masu hannu da shuni? Sannan babbar damuwata caca, don na ji an ce duk inda ake tseren doki a ƙasar waje caca ce zalla, ba na son in kai iyalina inda zan dawo ina istigfari. Akwai wurin sallah? Yara fa? Kuma dan Allah wane irin dawakai ne waɗannan masu dogayen ƙafafu kamar barewa?

Baƙon_Sharja:

Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara shida ina zaune a nan kuma duk lokacin sanyi sai na leƙa sau biyu ko uku, don haka bari in fara da abin da ya fi damun ka. A cikin filin babu tagar da za ka miƙa kuɗi ka ce na saka wa doki kaza, ba kamar Ingila ko Amurka ba. Abin da ake yi shi ne a ba ka wata takarda kyauta ka canki dokin da kake ganin zai zo na ɗaya a kowane tsere, ka jefa a akwati kafin a fara, in ka dace a ba ka kyauta, ba ka saka ko dirhami ɗaya ba. Ni ma ba kullum nake cikewa ba, wani lokacin a kanta nake zama saboda sanyin benci.

Maganar talaka kuwa, ai mu ne muka fi yawa. Filin kashi biyu ne a zahiri, akwai ɓangaren sama mai gilashi da gidajen abinci da ɗakunan manya inda ake yankan tikiti mai tsada, a can sai ka sa kaya na mutunci, ba a shiga da silifas ko gajeren wando, sannan akwai ɓangaren gama-gari a ƙasa kusa da shinge, wanda a shekarun baya ranakun da na je na yau da kullum ban biya komai ba. Kuma in gaya maka gaskiya ƙasan ya fi daɗi. 'Yan Sudan ne suka riƙe wajen, za ka gan su da jallabiya da rawani sun shimfiɗa darduma a ƙasa, ga fulas ɗin shayi ga yara na guje-guje, wani dattijo na musu da ɗan Pakistan a kan doki mai lamba shida kamar shi ya haife shi. In dawakai suka karyo kwanar ƙarshe kowa ya miƙe, ihu ba a cewa komai, ƙasa ma ji za ka yi tana motsi da ƙarar kofato. Kaftaninka da hula ba wanda zai kalle ka sau biyu. Wurin sallah akwai, na maza daban na mata daban, na sha yin magariba da isha'i a can.

Lokacin tseren daga wajen Nuwamba ne zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, saboda da zafi ba mai fitar da doki. Da can ranar Alhamis da yamma ake yi, amma tun da ƙasar ta sauya ranakun hutun mako a 2022 aka koma Juma'a galibi. Lokacin da za ka zo ɗin nan ya yi daidai sosai, manyan dawakai sun riga sun iso, har akwai wata Asabar ta share fage da ake yi 'yan makonni kafin babbar gasar, wato Dubai World Cup. Jirgin ƙasa na cikin gari ba ya kaiwa can, tasi za ka hau, daga Deira minti ashirin zuwa talatin in hanya ba cunkoso.

Shamakin_Zaure:

Alhaji ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, ka yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Dawakan da ka gani jinsi ne da Turawan Ingila suka ƙirƙiro musamman don gudu, sama da shekara 300 ana zaɓen mafi sauri ana haɗa shi da mafi sauri, ana rubuta asalin kowanne a littafi tun 1791. Abin da zai ba ka mamaki shi ne duk wanda ka gani a cikinsu, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, ingarma uku kacal zai koma, kuma dukkansu daga gabas aka kai su Ingila. Akwai Byerley Turk, akwai Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, sai Godolphin Arabian. Shi ya sa da Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, sarkin Dubai na yanzu, ya kafa bargarsa ta tsere ya sa mata suna Godolphin, kamar yana cewa jinin nan daga gidanmu ya fita, yau ya dawo. In ka je ka ga mahayi sanye da shuɗi kal daga hula har riga, to na Godolphin ne, kuma za ka ji ihun jama'a ya bambanta.

Shi Meydan ɗin ba tsohon fili ba ne. Tseren irin waɗannan dawakan a Dubai ya fara ne a 1981 a kan hanyar tseren raƙuma, cikin ƙura. Daga baya aka gina filin Nad Al Sheba, kuma a nan aka fara gasar Dubai World Cup a 1996 da kyautar dala miliyan 4, wadda a lokacin ba a taɓa jin irinta ba. Dabarar a fili take, kuɗi ne za su jawo zakarun duniya zuwa hamada, kuma ta ci, domin Cigar, dokin da ya gagari kowa a Amurka a lokacin, shi ya zo ya cinye ta farkon. Shekarar da ta biyo baya kuma ruwan sama ya ɓalle a ranar gasar, a Dubai fa, fili ya zama tafki, dole aka ɗaga da kwana biyar aka riƙe baƙi, da aka sake yi dokin Sheikh ɗin da kansa mai suna Singspiel ya zo na ɗaya. Amma wanda masoya doki ba sa mantawa shi ne na 2000. Dokin sunansa na farko Yaazer, tun yana ƙarami aka hango abin da ke jikinsa aka sauya masa suna zuwa Dubai Millennium, wato an yi masa fatan cin gasar shekarar 2000 tun kafin ya san hanyar fili, kuma ya zo ya ci ɗin da mahayi Frankie Dettori a kansa, ya bar sauran da nisa. Shekara ɗaya bayan nan ciwo ya kashe shi.

An yi gasar sau 14 a Nad Al Sheba, sai a 2010 aka buɗe Meydan a wannan yankin dai. Rumfar 'yan kallonsa ta haura kilomita ɗaya a tsawo, tana cin mutum 60,000, rufinta kamar jinjirin wata, ga otal mai tauraro biyar a manne da ita wanda daga barandar ɗaki kana kallon tsere. Hanyoyin gudu biyu ne, ta ciyawa mita 2,400 a waje, ta ƙasa mita 1,750 a ciki. Ita ta cikin da farko wata ƙasar haɗi ce ta roba da kakin zuma da yashi, amma Amurkawa da dawakansu suka saba da ƙasa zalla suka fara ja da baya, sai aka kwashe ta aka zuba ƙasa, daga gasar 2015 a kanta ake yi. Nan da nan suka dawo, California Chrome ya ci a 2016, Arrogate a 2017. Shi Arrogate ɗin nan dan Allah ka nemi bidiyonsa kafin ka tafi, an buɗe ƙofa ya makara, aka matse shi ya zama na ƙarshe, ni da nake kallo a waya na ce shi kenan an gama da shi, sai ga shi ta waje yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Thunder Snow na Godolphin kuma shi ya fara ci sau biyu, 2018 da 2019, na biyun da ƙyar da tsinin hanci. A 2020 korona ta hana.

Yanzu kyautar babban tseren dala miliyan 12 ce, mita 2,000, minti biyu da 'yan daƙiƙu an gama. Saudiyya ta zo ta wuce su da miliyan 20 tun 2020 a Riyad, amma daren Dubai har yanzu ya fi cika ido a wurina. Kuma ka lura da mahayan, ƙanana ne ƙwarai, mahayi da sirdinsa gaba ɗaya kilo 57 doki ke ɗauka a babban tseren, sirdin kamar tafin hannu, likkafa a ɗage can sama, ba zama suke ba tsugunno suke a iska. In ka tuna sirdinmu na hawan sallah da jalala da kayan ado sai dariya ta kama ka.

Abu_Hanan:

Ni dai ina da ja. Ko babu caca a cikin filin, ai a ƙasashen waje ana zuba kuɗi a kan waɗannan tseren ɗin dai, kai da ka je kallo ka ƙara musu armashi. Ga ɓangaren sama da ake sayar da giya, ga gasar kwalliya da huluna da mata ke yi ranar babbar gasa. Dala miliyan 12 saboda gudun minti biyu, Allah ya kyauta.

Shamakin_Zaure:

Malam Abu_Hanan ban ƙi taka ba, cacar waje gaskiya ce ana yi. Amma ƙwallon da muke cika gidan kallo saboda ita duk Asabar ai ta fi kowane doki jan caca, ban ga an rufe gidan kallo ba. Tseren doki kuwa sananne ne tun zamanin Manzon Allah (SAW) an yi shi a Madina. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da takardar canken ba ya bar ta, ba dole, hukuncinta kuma a tambayi malamai, ni ba malami ba ne. Alhaji dai ƙasa zai zauna cikin 'yan shayi.

Maman_Biyu:

Alhaji ni ta uwargida zan yi maka, don maza ba sa tuna irin wannan. Mun je da maigidana da yara shekaran baya, kuskurena na farko na ɗauka Dubai ai zafi ce, na fita da mayafi shara-shara, ashe wajen fili ne fetal kuma in dare ya yi iskar hamada ke kaɗawa, ƙarfe tara haƙorana na haɗuwa, ƙaramin sai da babansa ya cire rigarsa ta sama ya naɗe shi. Ku tafi da rigunan sanyi da abin shimfiɗa. Ta sa takalmi mara tsini kuma, domin ginin nan tafiya ce, daga inda mota ta sauke ku zuwa shinge sai kun yi da gaske.

Tsakanin tsere da tsere akwai kamar rabin awa, a nan yara ke fara ƙorafi, to dabarar ita ce ku tashi ku je da'irar da ake zagayawa da dawakan kafin a hau su. Nan ne za ku gan su kusa da kusa, jijiyoyi raɗa-raɗa a wuya, fata na sheƙi kamar an shafa mai, wani na ta rawa mutum biyu na riƙe da shi. 'Yata ta zaɓi wani kili saboda wai ya yi kama da na hawan Daushe, ya zo na biyun ƙarshe, ta yi kuka har mota. Abinci akwai na saye, shawarma da su cibs da shayi, amma mu mun ci namu tun a masauki. Kuma kada ku jira tseren ƙarshe in da yara, kowa a lokaci ɗaya yake fita neman tasi, mu mun fi minti arba'in a layi.

In kuna da hali akwai ziyarar barga da ake yi da sassafe, ita biya ake kuma sai an yi rajista tun da wuri, a ba ku karin kumallo kuna kallon ana motsa dawakai, sannan a zaga da ku har kududdufin da suke iyo. Doki na iyo fa Alhaji, kai kawai a sama yana huci. Maigidana har yau labarin da yake ba abokansa kenan.

Ɗan_Kwari:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shamaki na kalli Arrogate sau uku, yaran shago sun zaci wani abu ya same ni. Malam Abu_Hanan na ji, takardar canke ba zan taɓa ba in sha Allah. Hajiya Maman_Biyu uwargida ta karanta naki da kanta, ta ce rigar sanyi ni zan saya sabuwa. Baƙon_Sharja zan yi maka magana ta akwatin sirri, in ranar Juma'ar ta yi maka daidai mu haɗu a ƙofa, ni zan zo da kilishi kai ka zo da fulas.